GARANTIN SABUWAR MOTA: ABIN DA KE CIKIN KARNE

Zancenmu na yau a kan mota yake, da gyaranta a manyan gidajen da ke sayar da ita, da wani ɗan littafi wanda yawancinmu ba mu buɗe shi sai ranar da mota ta tsaya.

A kakar 2022 kawuna, wanda ke fataucin wake da aya a jihar Maraɗi, ya aiko a kira ni. Motarsa ta ɗaukar kaya, wadda ya saya sabuwa dal a wani babban gidan motoci na Yamai, ta soma ciwo tun ba ta cika wata goma sha biyar a hannunsa ba. Da asuba sai an sha fama kafin ta tashi, in ta tashi sai baƙin hayaƙi, in ta hau tudu da kaya ƙarfinta ya mutu. Kawu bai tada hankalinsa ba, domin ranar da ya ƙirga kuɗi an gaya masa motar tana da garanti na shekara uku, shi kuwa abin da ya fahimta shi ne duk abin da ya same ta cikin shekarun nan kamfani zai gyara. Bukatarsa gare ni kawai in raka shi, tun da ina jin faransanci.

Muka wuni bisa hanya muna lallaɓa ta, kilomita kusan 660, muka isa Yamai da dare. Da gari ya waye shugaban gareji ya tarbe mu da mutunci, ya sa aka kawo wa Kawu kujera, sa'an nan ya ce: "Alhaji, ina karnen motar?" Kawu ya dubi direba, direba ya tona aljihun mota, ya zaro wani ɗan littafi daga ƙarƙashin takardun duwan da ledar goro. Aka buɗe. Hatimi biyu ne kurum a ciki, sauran shafuna farare, alhali ma'aunin tafiya yana nuna kilomita 43,000.

"Alhaji, tun tana da kilomita 10,000 ba mu sake ganinta ba. Ina ake yi mata bidanji?"

"A Maraɗi mana, wurin yarona. Shekara ashirin yana duba mini motoci."

"Akwai takarda? Wane irin mai yake zuba mata?"

Kawu ya juyo gare ni ya ce: "Ɗana, gaya masa da nasaranci, watakila ya fi ji. Ni mota na sayo, ban sayo takarda ba." Na gaya masa. Amma a zuciyata na san takardar ma saye aka yi, kuɗinta yana cikin kuɗin motar.

ALKAWARIN DA AKA YI

Garanti alkawari ne na kamfanin da ya ƙera mota, gidan da ya sayar da ita kuwa wakili ne mai cika alkawarin. Abin da kamfani ya ɗauka shi ne: in wani sashe na motar ya lalace saboda ƙarfen da aka yi shi da shi ba mai kyau ba ne, ko kuwa an yi kuskure wajen ƙira ko haɗawa, to, za a gyara ko a sake shi, mai mota bai biya kuɗin kaya ba, bai biya na aiki ba. Alkawarin yana da iyaka biyu, ta shekaru da ta tafiya, wadda duk ta riga cika ita ce ƙarshensa. Wanda aka fi gani shi ne shekara 3 ko kilomita 100,000. Mai saye yakan riƙe shekarun ya manta da kilomitocin. Ga lissafi: motar da ke zuwa Yamai daga Maraɗi ta komo sau ɗaya a mako tana cin kilomita 1,320, watau cikin shekara ɗaya da rabi garantinta ya ƙare, tun ledar kujeru ba ta gama yagewa ba. Kuma alkawarin na kasuwar da aka sayar da motar ne. Kamfanin Kia yana ba da shekara 7 a Turai, amma wannan bai zama hujja ga wanda ya ɗauko motar ya ƙetaro teku da ita ba.

Akwai kuma abubuwan da ba su cikin alkawarin tun farko. Duk abin da aiki ke cinyewa, kamar takalman birki, faifan kuloci, matatun mai da na iska, ƙwayayen fitila, mai mota ke saye. Taya da batir galibi suna da nasu sharuɗɗa dabam. Haɗari ba na garanti ba ne, na inshora ne. Lodin da ya wuce kima, ƙara ƙarfen sifirin don mota ta ɗauki buhu goma bisa ƙari, jona waya don a sa manyan fitilu, shiga ruwan kwari da damina har inji ya sha, duk waɗannan suna zubar da haƙƙin mai mota a kan sashen da suka taɓa.

Sharaɗin da ya fi kowanne cin mutane shi ne na duba mota a kan lokaci. Kamfanoni suna da jadawali biyu, na ƙasashen da hanya ke da kyau, da na wuraren da aiki ke da tsanani, inda ake da ƙura, zafi, rairayi da kaya masu nauyi. Ƙasarmu duka a jadawali na biyu take. Hunturu ya cika matatar iska da ƙura, bazara ta dafa mai, hanyar daji ta girgiza kowace kusa. Saboda haka motoci da yawa, musamman masu shan gazuwal, ana neman a juye musu mai kowane kilomita 5,000. To, manyan gidajen motoci a Yamai suka taru. Wanda ke zaune Damagaram, in ba shi da reshen gidan kusa da shi, zai yi kilomita wajen 890 zuwa, 890 komowa, domin a buga masa hatimi guda. Tafiyar neman hatimin kaɗai ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na kilomita 5,000 ɗin. Na Difa, zuwa da komowa ya haura rabi. A haɗa da kuɗin mai, da na masauki, da kwanakin da mota ba ta yi aiki ba. Duk wanda ya zargi Kawu da sakaci, ya fara yin wannan lissafi tukuna.

A nan laifin mai sayarwa yake, a ganina. Ranar ciniki ana faɗin "garanti shekara uku" da babbar murya, sharuɗɗa kuwa suna cikin littafi da ƙananan baƙaƙe, da faransanci, wani lokaci ma da ingilishi kaɗai. Wanda ya iya ƙirga miliyoyin Kawu da hausa ya iya zama da shi minti goma ya fassara masa shafi biyu da hausa. Mata sun san darajar karnen awo na yaro domin ungozoma ta zauna ta bayyana musu abin da kowane layi ke nufi. Karnen mota bai samu mai yi masa wannan hidima ba.

MOTAR JIYA DA TA YAU

Dattawa za su tuna lokacin da zancen nan bai taso ba. Motoci sun shigo mana ta hannun manyan kantunan Turawa masu sayen gyaɗa da fata, irin su CFAO, wanda aka kafa a birnin Marsay na Faransa a 1887, wanda kuma kamfanin Toyota Tsusho na Japan ya saye a 2012. A shekarun 1970 da 1980 sarautar hanya ta Peugeot ce, 404 da 504, balle da aka buɗe masana'antar haɗa su a Kaduna a 1975, kayan gyaransu suka cika kasuwannin Kano da Maraɗi. Waɗannan motoci bakanike yana gane ciwonsu da kunne. Ya kwance kafireta a gindin bedi, ya wanke, ya busa, ya mayar, mota ta tashi. Ko garanti ya ƙare ko bai ƙare ba, babu wanda ya damu ƙwarai.

Motar yau kwamfuta ke tafiyar da ita. Injin gazuwal na zamani yana tura mai da ƙarfin da ya ninka iskar da ke cikin taya fiye da sau ɗari biyar, ta cikin ramukan da ba su fi kaurin gashin kai ba. Ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi ta isa ta lalata allurar da ke fesa man, kuma allura guda tana iya fin albashin ƙaramin ma'aikaci na wata tsada. Ganin ciwon ma sai an jona na'ura a jikin motar ta karanto abin da kwamfutar ta rubuta. Mu kuwa mun saba da man bakin hanya, wanda ake kira ruwa-ruwa, da na tano da ya kwana cikin rana da raɓa. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 muna da man gida, amma ko mai kyau ne, in ya bi ta jarka mai datti ya ɓaci.

Wannan ne ya ba gareji kalmar da ta fi kowace sauƙin faɗi: "mai ne." Ita aka faɗa wa Kawu tun ba a buɗe murfin inji ba. Sau da yawa gaskiya ce. Wani lokaci kuma mafaka ce, domin da zarar an ɗora wa mai laifi, garanti ya fita daga zance. Mai mota yana da ikon ya ce a nuna masa. A ɗebi man tanki a zuba cikin kwalba mai haske a gabansa, ruwa zai kwanta a ƙasa in akwai shi. A yanka matatar gazuwal a duba ko da tsatsa. A buga masa abin da na'ura ta karanto bisa takarda. Muka nemi haka, aka yi. Man Kawu ya fito garau, kuma allura ɗaya ce cikin huɗu ta lalace. Gurɓataccen mai kuwa ba ya zaɓen allura. Daga nan muryar shugaban gareji ta sauya.

BAYAN ƘOFAR GAREJI

Mutane suna mamaki: gida ɗaya, makanikai ɗaya, amma motar da aka kawo gyaran kuɗi ta fita da la'asar, ta garanti ta yi mako biyu tana shan ƙura. Dalilin yana ga wanda ke biya. Gyaran kuɗi, mai mota ya biya nan take bisa farashin gidan. Gyaran garanti, gidan ne ke yin aiki sa'an nan ya bi kamfani bashi. Sai ya cika takardu, ya ɗauki hotuna, in gyaran babba ne ya jira izini, ya ajiye tsohon ƙarfen domin masu bincike na kamfani suna iya zuwa su nemi ganinsa. Kamfani kuma yana da littafin da ya ƙayyade lokacin kowane aiki. In littafi ya ce sa'a biyu, kuɗin sa'a biyu za a biya, ko bakanike ya wuni yana fama da kusar da ta ci tsatsa. Lokacin da aka ɓata wajen neman ciwo shi ne aka fi ƙwarar gareji a kansa. In kuma kamfani ya ƙi yarda da takardun, asara ta hau kan gidan. Wanda ya san wannan ya san abin da ya sa ake saurin cewa "mun gwada ta, ba mu ga kome ba", musamman ga ciwon da ke zuwa yana tafiya.

Fahimtar dalili ba yafewa ba ce. Gidan da ya karɓi wakilcin kamfani ya karɓe shi da daɗinsa da ɗacinsa, kuma tsadar aikinsa ba ta da hujja sai ingancinsa. Koke-koken da ake yi da manyan gidajen motoci iri ɗaya ne a ko'ina cikin duniya: an rubuta an sake matata alhali tsohuwar aka kaɗe aka mayar, an bar ƙaramin yaro mai koyo shi kaɗai a kan aikin da ya fi ƙarfinsa, an yi ta sake kaya ɗaya bayan ɗaya ana lalube, mai mota yana biya, an goge fitilar gargaɗi da na'ura ba a taɓa abin da ya kunna ta ba, bayan kwana uku ta dawo. Ginin gilas da kayan aiki masu walƙiya ba su ɗaure kusa. Akwai dabarar da tsofaffin direbobi ke yi wadda ba ta cin ko dala: kafin su ba da mota sai su ɗiga fenti a jikin matatar mai. In an ce an sake, su leƙa. Gyaran da mutum ya biya da kuɗinsa, yana da kyau ya nemi tsofaffin kayan a ba shi a hannu. Gida mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Abu mafi muhimmanci shi ne takardar shigar da mota. Duk lokacin da mota ta shiga gareji, a rubuta kwanan wata, da kilomita, da abin da mai mota ya ce yana ji, da bakinsa: ƙara a ƙafar hagu in an taka birki, hayaƙi da safe, zafi in an yi kilomita hamsin. Kada a yarda a rubuta "dubawa" kawai. Mai mota ya sa hannu, gareji ya sa hannu, kowa ya riƙe tasa. Ranar fita a rubuta abin da aka yi, ko da kuɗin sifiri ne. Amfanin wannan yana zuwa daga baya. In ciwo ya fara a wata na talatin aka ce ba a ga kome ba, ya dawo ya kashe inji a wata na talatin da takwas, takardar nan ce shaidar cewa an kai ƙara tun alkawari yana da rai. Magana ta baki, shugaban gareji ya canza aiki, ta bi shi. Ga ɗaliban yaƙi da jahilci, wannan wuri ne da karatunku zai biya ku: ku karanta kafin ku sa hannu, abin da ba ku gane ba ku ce a fassara.

Saura zancen jiran kaya. Ba mu ƙera ko kusa guda ta waɗannan motoci, kome daga waje yake zuwa. Ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, farashin kayan gyara ya bi shi cikin dare guda, motoci da yawa suka kwanta. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 iyakar Gaya ta rufe, kayan da suka saba biyo hanyar Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo. Ba a zargin gareji da abin da ya fi ƙarfinsa. Amma gidan da ya san irin motocin da ya sayar ya san irin kayan da za su nema, ajiye su a rumbu yana cikin aikinsa. Mai mota kuma ya nemi a rubuta masa ranar da aka yi odar kayan da ranar da ake sa ran zuwansu. A Faransa doka ta ce kwanakin da kaya ya yi kwance a wurin gyara ana ƙara su bisa wa'adin garanti. Babu abin da ya hana mai saye a nan ya nemi a rubuta masa irin wannan sharaɗi tun ranar ciniki.

ME DOKA TA CE?

Tambayar da Kawu ya yi ta maimaitawa ita ce: don yaronsa ya juye mai a Maraɗi, shi ke nan alkawari ya tashi? Wasu ƙasashe sun amsa wannan tuntuni. A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya tilasta wa mai saye amfani da garejinsa ko kayansa na kuɗi a matsayin sharaɗin garanti. Tarayyar Turai ta bi wannan hanya da ƙa'idodinta na 2002 da 2010: mai mota yana iya kai ta garejin da ya ga dama, muddin an bi jadawalin kamfani, an sa mai da kayan da suka dace, an kuma ajiye shaida. A lura da wannan na ƙarshe. Ko a can, wanda ba shi da takarda ba shi da bakin magana. A wurinmu abin da aka sa wa hannu shi ke gaba, don haka a tambaya tun farko ko ana karɓar takardar wani gareji, a kuma rubuta amsar.

Ban da garantin kamfani akwai wani haƙƙi da ya girme shi. Littafin dokokin zaman jama'a da muka gada daga Faransa, a aya ta 1641, ya ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da ke ɓoye cikin abin da ya sayar, in aibin ya hana a more shi yadda aka nufa. Wannan ba baƙon zance ba ne gare mu. Malaman fiƙihu sun daɗe da karantar da mayar da haja saboda aibi, kuma kowane dillalin kasuwar dabbobi ya san saniyar da aka ɓoye ciwonta tana komawa ga mai ita. Sai dai doka ba ta son jinkiri. Wanda ya ga aibi ya rubuta wa gidan wasiƙa da wuri, ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa, kafin zance ya kai ga kotun kasuwanci.

MOTOCIN GWAMNATI

Yanzu ga ma'aikata. Babban mai sayen sababbin motoci a ƙasar nan ba ɗan kasuwa ba ne irin Kawu. Gwamnati ce, da furoje-furoje, da ƙungiyoyin agaji. A nan ne garanti ya fi zubewa a banza. An sayi katkat an aika da ita Tanut ko Madawa, karne kuwa yana kulle cikin akwatin wani biro a Yamai tare da takardun ciniki. An ware kuɗin mai, ba a ware na bidanji ba, ko an ware sai an bi sa hannu biyar kafin ya fito, mota kuwa ba ta jira. Direba uku suna karɓa-karɓa, babu wanda ya san ranar da aka juye mai na ƙarshe. Ranar da akwatin giya ya fashe, kamfani ya buɗe karne ya ga fari, sai baitulmali ta biya abin da an riga an biya tun ranar saye, ko kuwa mota ta hau duwatsu a bayan biro, awaki su samu inuwa. In motar shugaban ma'aikata ce, ya ari wata. In motar asibiti ce, mace mai naƙuda a ƙauye sai amalanke. Shafi ɗaya na littafin makaranta da ke zama cikin mota, direba yana rubuta kilomita kowace safiya, shugaba yana dubawa kowace Juma'a, zai hana rabin wannan asara.

Masu shirya takardun saye su ma suna da tasu. Wanda ya fi rangwame shi ke cin kasuwa, kuma sau da yawa wanda ya fi rangwame ɗan kasuwa ne da ya ɗauko motocin daga Dubai ko wata ƙasa. Motocin sababbi ne, babu shakka. Amma wa zai gyara su kyauta in sun lalace? Wakilin kamfani na nan yana iya cewa ba ta hannunsa suka shigo ba, wanda ya kawo su kuwa ba shi da gareji, ba shi da na'ura. Kafin a sa hannu a tambayi suna da mazaunin garejin da zai cika garanti, a ga takardar yardarsa. Kason kuɗin da dokar sayen kayan gwamnati ta ce a riƙe har wa'adin garanti ya cika, kada a sake shi don kunya ko don sanayya.

Akwai wani irin gyara na kyauta da ya shafi har masu tsofaffin motoci, waɗanda su ne mafi yawanmu. In kamfani ya gano aibi mai haɗari a wani rukunin motoci, yakan yi kira a maido su a gyara bisa kuɗinsa, ko mota ta tsufa, ko ta canza hannu sau biyar. Kira mafi girma da aka taɓa yi shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, jakar nan da ke fitowa daga sitiyari ta tare direba in an yi karo. Sinadarin da ke hura ta, irin wanda ake takin zamani da shi ne, zafi da laima suna ɓata shi da daɗewa, sai ya fashe da ƙarfin da ke watsa gutsattsarin ƙarfe a fuskar mutum. Mutane sun mutu a ƙasashe da dama. A Amurka kaɗai an yi kiran jakunkuna wajen miliyan 67, kamfanin ya karye a 2017, kuma a 2024 aka umarci masu wasu motocin Citroën C3 a Faransa su daina tuƙa su sai an sake jakar. Abin ya shafi Honda, Toyota, Nissan, Mazda, Ford, BMW da wasu, galibi ƙirar shekarun 2000 zuwa tsakiyar shekarun 2010, watau irin waɗanda ke cika tashoshinmu. Wasiƙar kira tana zuwa ga mai motar na farko a Turai ko Amurka, ba ta biyo jirgin ruwa. Kowace mota tana da lambar shasi mai baƙaƙe da alƙaluma 17, tana jikin katin mota. A kwafe ta a kai wa wakilin kamfani a ce ya duba, ko a sa yaro ya shigar da ita a shafin intanet na kamfanin.

Shi kuwa yaron Kawu, kada a ɗauka shi ne mugun labarin. Da ba don irinsa ba da babu motar da ke motsi tsakanin Konni da Gure. Da na koma na tambaye shi, ashe man kirki yake zubawa, a kan lokaci kuma, har yana tuna ranakun da kasuwannin da suka faɗo a ciki. Abin da bai yi ba shi ne rubutawa. Da manyan gidajen za su zaɓi irinsa a Maraɗi, Damagaram da Tawa, su horar da su, su sayar musu da mai da matatu na asali, su ba su hatimin da za a yarda da shi, ko kuwa su riƙa aika motar gyara tana zagaya jihohi a ranakun da aka sani, da sun fi kowa cin riba, domin mota ta biyu a wurin wanda ya riƙe amanar ta farko ake sayenta.

Zancen Kawu ya ƙare da sulhu. Na rubuta wasiƙa, na haɗa da takardar na'ura da hoton kwalbar mai, aka aika wa kamfani. Amsa ta zo cewa garanti bai hau ba tun da karne babu hatimi, amma saboda shaidar ta nuna aibin allurar ne, kamfani ya ɗauki kuɗin kaya, Kawu ya biya na aiki. Motar ta yi mako bakwai a Yamai, tsakiyar kakar wake, ya yi ta hayar ta wasu yana kwashe kayansa daga kasuwannin ƙauye. Da ya lissafa, kuɗin haya ya fi na allurar.

Ranar da muka je ɗaukar ta, ya sa shugaban gareji ya zauna ya karanta masa shafin sharuɗɗa layi-layi, ni ina fassarawa, direba yana tsaye yana ji. Da muka iso Maraɗi ya saya wa yaronsa littafin rasit mai kwafi, ya sa aka sassaƙa masa hatimi da sunan garejinsa. Karnen kuwa ya fita daga aljihun mota, yana cikin jakar da Kawu ke ajiye takardun gonaki.